Mdou Moctar, mawaƙin da ba ya da ubangida

Ƴan uwa manoma da makiyaya, mun saba da mawaƙi mai ubangida. Makaɗin fada yana da sarkinsa. Makaɗin noma yana bin gayya. Makaɗin dambe yana da zarumin da yake yi wa kirari. In ya yi waƙa, a ba shi riga, ko doki, ko damen hatsi. To, yau za mu ba ku labarin wani ɗan ƙasarmu wanda bai jingina da kowa ba. Shi ke shirya waƙarsa, shi ke kaɗa ta, shi ke neman inda za ta shiga.

Sunansa na yanka Mahamadu Sulaiman, amma duniya ta san shi da Mdou Moctar. Ba'abzine ne, mutumin Cintabaradan da Abalak, cikin jihar Tawa. Gidansu gidan addini ne, ba a son kiɗa. Yana yaro ya ga Abdallah Oumbadougou yana kaɗa gita a bainar jama'a, abin ya shiga ransa. Kuɗin sayen gita babu. Sai ya samu katako, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya dinga koyo a ɓoye. Ga shi kuma bahago ne, da hagu yake kaɗawa har yau.

A zamanin Seyni Kunce, saurayi mai murya yana da hanya. Ya shiga samariya, ya yi waƙa ko wasan kwaikwayo, in ya yi fice a kai shi bikin matasa na ƙasa, rediyo ta ɗauke shi. Mdou bai tarar da wannan hanya ba. Abin da ya tarar shi ne gidan biki: a kira ka wurin aure, ka yi kiɗa har dare ya raba, a sallame ka.

A shekarar 1984 ne wani mawaƙin Amurka mai suna Prince ya yi wani fim da za mu ambata nan gaba. Amma kafin nan, mu bi Mdou zuwa Sakkwato. Can ya tafi a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, waɗanda ya kira Anar. An ɗauke su da irin na'urar da ake gyara murya a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙar Tamashek, kayan aikin Hausawa. Ba a sayar da su a kanti ba. Daga salula zuwa salula suka yi ta tafiya, wannan ya tura wa wannan, har suka kai Mali. Jama'a na saurare, da yawa ba su ma san mai waƙar ba. Shi kuwa ko dala bai samu ba. Kamar mutum ne ya noma gona, wasu suka girbe.

Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai tattara waƙoƙin Sahel, ya ji ɗaya daga cikinsu, mai suna Tahoultine. Ya sa ta cikin faifan da ya haɗa na waƙoƙin salula. Ya yi ta cigiya har ya gano mai ita, ya zo Nijar ya same shi. A 2013 suka fitar da faifan Afelan, wanda aka ɗauka a Cintabaradan. Wannan karo da sunansa a jiki.

Sai fim. A Agadas suka shirya shi, ya fito a 2015, cikin harshen Tamashek. Sun bi sawun fim ɗin nan na Prince, Purple Rain. An ce Tamashek ba ta da kalmar launin shunayya, don haka sunan fim ɗin ya yi tsawo: Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wato ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Mdou ne ya fito a matsayin saurayi mai gita da moto, uba na hana shi kiɗa, abokan hamayya na yi masa hassada. Ba ɗan wasa ba ne, kuma ana gane haka. Amma labarin kusan nasa ne, shi ya sa bai sha wuya ba.

Bayan haka ya gwada aiki shi kaɗai. A faifan 2017 shi ya kaɗa kayan kiɗan, shi ya yi amshi. Sa'an nan ya tsaya da ƙungiya ta mutum huɗu: shi, da Ahmoudou Madassane mai gita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke. Ya fitar da Ilana a 2019, kuma da su aka yi Afrique Victime a 2021.

Wanda ba ya da ubangida yana faɗin abin da ya ga dama, amma in wuya ta zo ba ya da inda zai fake. A watan Yuli na 2023 suna yawon wasa a Amurka aka yi canjin mulki a Yamai, aka rufe iyakoki. Ƴan Nijar ukun suka kasa komawa gida. Masu son kiɗansu ne suka yi karo-karo suka riƙe su. Ba su zauna banza ba: a birnin New York suka sake ɗaukar sababbin waƙoƙinsu da gita marar lantarki, faifan ya fito a 2025.

Waɗannan waƙoƙi su ne na Funeral for Justice, na 2024. A ciki ya soki Faransa a kan yadda ta ci arzikin ƙasar nan. Akwai kuma wata mai suna Imouhar, inda yake kiran Abzinawa su riƙe harshensu, su rubuta shi, kada ya ɓace. Ku da kuka zauna ajin yaƙi da jahilci kuka koyi karatu da Hausa, kun san abin da yake nufi.