Robar da ke Shanye Fizgar Inji

Wanda ya kwana a Agla, a yammacin birnin Kwatano, ba ya bukatar agogo. Tun ana fitowa daga sallar asuba rurin babura ke cika unguwa. Masu riguna ruwan ɗorawa ne, kowa da lambarsa a gadon baya, wani ya ɗauko mace da kwandonta zuwa kasuwar Dantokpa, wani ya nufi Zongo da ɗan kasuwa. Zemijan ake ce musu, kalmar harshen Fon mai ma'anar "ɗauke ni da sauri". Su ne 'yan acaɓa a bakin Kanawa, 'yan kabu-kabu a Sakkwato da Maraɗi. A Porto-Novo sana'ar ta samo asali, da kekunan da ke yi wa mata masu sayar da abinci dako, sannan ta koma kan babur ta bazu a shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Benin ya shiga ƙunci.

A jikin kowane babur cikin waɗannan akwai wani ɗan abu da fasinja ba ya gani, mai babur ɗin ma sai ranar da ya lalace yake tunawa da shi. Kafin a gane amfaninsa, sai an san yadda inji ke ba da ƙarfi.

Kunne yana jin inji kamar yana gudu sumul, amma bugu-bugu yake aiki, irin na taɓarya a turmi. Injin Bajaj Boxer ko Haojue, da suka yi yawa a titunan Kwatano, fistin ɗaya gare shi. Fistin ya sauka ya zuƙo mai da iska, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta turo shi ƙasa da ƙarfi, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Cikin motsi huɗun nan, ɗaya ne kaɗai ke ba da ƙarfi. Sandar inji sai ta juya sau biyu ake samun bugu guda. Da a ce bugun nan zai tafi kai tsaye ta cikin giya da sarƙa har ƙafar baya, ƙarfe na dukan ƙarfe, da haƙoran giya ba su daɗe ba. Dole a sami abin da zai karɓi bugun, ya ɗan lotsa, ya miƙa shi a hankali.

Manyan babura sun fi kowa sanin wannan. Kamfanin Harley-Davidson, da aka kafa a Milwaukee ta Amurka a 1903, yana ƙera inji mai fistin biyu da ke tsaye kamar harafin V, da kusurwar digiri 45 a tsakani. Wutarsu ba ta tashi a jere daidai, shi ya sa ƙararsa ke kama da sukuwar doki. Injin da suka sa wa baburansu na 2007 ya kai sisi 1,584, kusan ninki goma sha shida na ƙaramin Boxer mai sisi 100. Don haka suke ɗaura wata na'ura a bakin sandar inji, kwamfenseta: faranti mai haƙora da ke zaune kan gangare na ƙarfe, da sifirin yana danne shi. Bugu ya zo, farantin ya ɗan hau gangaren, sifirin ya shanye. Idan ta ci, mahayi kan ji ƙwal mai ƙarfi lokacin tayar da inji. Wasu sukan sayi ta wani kamfani daban, kamar Baker, su ce ƙarar ta ɗauke. Wasu kuma su cire ta gaba ɗaya su sa faranti sandararre. Babur ya fi saurin amsawa, amma bugun da aka hana shi masauki sai ya wuce kan giya.

Baburin zemijan bai kai ga wannan tsada ba. Nasa maganin roba ce. A cikin cibiyar ƙafar baya, bayan farantin da sarƙa ke ja, akwai ɗakuna, galibi huɗu, kowanne da guntun roba mai kauri. Farantin ba ya taɓa cibiyar kai tsaye, robar yake turawa, ita kuma ta tura ƙafa. Akwai irin wannan shanyewa a bayan kwandon kuloci ma, amma ta ƙafar baya ce ke fara gajiya.

A Agla kuwa da wuri take gajiya. Unguwar a kwari take, ruwa na kwanciya a damina, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Ga yashi a lunguna, ga titin da aka shimfiɗa da tubalin siminti mai girgiza babur, ga lodi: mutum biyu, buhun masara, ko jarkokin fetur ɗin bakin titi da ake kira kpayo. Ɗan zemijan yana tsayawa ya tashi sau ba adadi a yini, kowane tashi kuma matsa ce ga robar. Sannu a hankali ta bushe, ta tsuke, ta bar gibi. Daga nan mai babur zai fara cewa mashin yana fizga: ya murɗa mai ya ji ƙas a baya, ya saki ya sake ji. Da yawa sukan ɗora laifin kan sarƙa, su yi ta ɗaure ta, har su sayi sabuwa da farantanta, bayan 'yan watanni ita ma ta miƙe.

A shagon kayan gyara za a nuna maka ta kamfani da ta kasuwa. A ganina kuskure ne a ce duk abin da bai fito daga kamfanin babur ba jabu ne. Akwai masana'antu a Indiya da Sin da ke yin roba mai kyau. Matsalar ita ce wadda aka yi da tarkacen roba. Wata tauri gare ta kamar itace, ba ta shanye komai. Wata kuma laushi, mako kaɗan ta dagargaje ta zama gari. Tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kpayo ya yi tsada, ribar yini ta ragu, ba abin mamaki ba ne mutum ya miƙa hannu ga mai araha. Ina tausaya masa, amma kuɗin sarƙa da faranti ya fi na roba nesa ba kusa ba. Dabarar da makanikai ke yi ta cusa yankan tsohon tiyub a gibin tana kai mutum gida, ba ta maye gurbin sabuwa.

Gwajin ba ya bukatar kayan aiki. A kashe inji, a ɗaga babur kan tsayuwar tsakiya, a riƙe taya da hannu ɗaya, a girgiza farantin baya gaba da baya da ɗayan. Idan ya motsa taya na tsaye, robar ta ƙare. Wajen saye kuma a danna ta da farce: mai kyau tana ɗan lotsawa ta dawo, kuma da ƙyar take shiga ɗakinta. Wadda ta faɗa ciki ba tare da an tura ta ba, a mayar wa mai shago.