Auna matsin ƙwaƙwalwa ta ido: amfaninsa da iyakarsa ga mutanen Zongo

Tun da aka rushe tsohon Zongon Lome a 1977 aka mai da mutanensa arewacin birni, wajen Agoe, babbar hanyar da ke hawa zuwa Burkina Faso ta zama ƙofar gidansu. Tireloli da 'yan zemijan, wato masu haya da babur, kwalta ɗaya suke bi, buguwar kai kuwa ba baƙuwa ba ce. Mugun abin shi ne wanda ba a gani: jini ko kumburi ya taru cikin ƙoƙon kai, ƙashi ba ya buɗewa, matsi ya hau. Mutum yana magana yanzu, an jima ya suma.

A 'yan shekarun nan likitocin gaggawa a ƙasashe da dama sun koma leƙa wannan matsi ta ido, da na'urar ekografi, wadda mata masu juna biyu suka sani. Jijiyar gani tana cikin kube, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yana shiga kuben. In matsi ya hau, kuben ya kumbura. Sai a rufe idon, a shafa man hoto a fatar, a auna faɗin kuben milimita 3 a bayan ƙwayar ido. In ya haura kimanin milimita 5 ga babba, akwai abin tsoro. Likitocin Jamus Hansen da Helmke ne suka fito da hujjar wannan a shekarun 1990.

Dalilin yaɗuwar wannan awo a fili yake. Sikana, na'urar ɗaukar hoton cikin kai, tana da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba, na'urar ekografi kuwa ta ƙanƙance har ana haɗa ta da waya. Ba yanka, ba allura, mintuna kaɗan sun isa. Kuma ba 'yan hatsari kaɗai ke amfana ba: a Blantyre ta Malawi an gwada shi kan yara masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, a Uganda kan masu sanƙarau.

Sai dai ina jin tsoron a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Tsakanin lafiya da haɗari abin bai wuce milimita ɗaya ba, hannun da bai ƙware ba zai karkata kaɗan ya karanta ƙarya. Har yau masana ba su tsaya kan adadi ɗaya ba. Idon da ya fashe ba a danna shi. Babbar iyakarsa kuma, yana cewa matsi ya hau, ba ya cewa jini ne ko ƙari ko ruwa.

A ganina, amfaninsa ga Zongo shi ne tantance wanda za a garzaya da shi asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin, inda likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suke, tun kafin ya daina amsa kira. Wannan na bukatar a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa, a kuma tanadi motar da za ta ratsa cunkoson Agoe da marar lafiya.