Amsoshin Takardunku: Ko Duk Ilmi a Littafi Yake?

Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi, ya aiko da takarda yana cewa ɗansa ɗan makaranta ya gaya masa wai duk abin da ba a rubuta ba, ba ilmi ba ne. Shin haka abin yake?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ai su kansu masana kimiyya sun tattauna wannan magana. Akwai wani masani mai suna Michael Polanyi, wanda aka haifa a ƙasar Hangari a 1891. Ya yi shekaru yana binciken sinadarai a Jamus, sa'an nan ya koma Ingila a 1933. A littattafan da ya fitar a 1958 da 1966, ya nuna cewa wani kaso babba na sanin mutum yana hannunsa da idonsa ne, baki ba ya iya bayyana shi. Kakan gane fuskar maƙwabcinka cikin taron kasuwa, amma in an ce faɗi yadda ka gane shi, sai ka rasa ta cewa. Haka mai hawan keke.

Polanyi ya ce shi ma mai bincike haka yake. Sai ya zauna gaban gwani ya ga yadda ake yi, kamar yaron maƙeri. Wani Baturen Ingila, Harry Collins, ya bi diddigin wannan a 1974. Ya duba masanan da ke ƙoƙarin haɗa wata sabuwar na'urar haske da ake kira leza. Waɗanda suka dogara da takarda kaɗai sun kasa, sai waɗanda suka yi hulɗa da masu na'urar da ke aiki suka dace.

Saboda haka Malam, in ka cusa hannu cikin buhun gero ka san bai gama bushewa ba, ilmi ne wannan. Amma fa ido da hannu kan yi kuskure, shi ya sa masana ke aunawa su sake gwadawa. Ka riƙa zuwa gona da kasuwa da yaron nan, don irin wannan sani in ba a koya a aikace ba, da mai shi yake tafiya. Kai kuma ka saurari abin da ya karanto.

Da fatan ka gamsu.