HMS Ocean: Jirgin Ruwan Da Aka Ƙera Don Shekara Uku

A tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta yi ƙarancin jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama, ga shi babu lokacin ƙera manya masu sulke. Saboda haka a 1942 aka tsara wasu ƙanana marasa sulke, waɗanda maƙeran jiragen fatake za su iya haɗawa cikin hanzari, da niyyar su yi aikin shekara uku kawai. HMS Ocean na daga cikinsu. An ƙera shi a birnin Gilasgo, tsawonsa kimanin mita 212, amma bai fara aiki ba sai a watan Agusta na 1945, yaƙin na gab da ƙarewa.

Sunansa ya fito ne ranar 3 ga Disamba, 1945, sa'ad da matuƙi Eric Brown ya sauka a kansa da jirgi samfurin Sea Vampire. Kafin ranar ba a taɓa saukar da jirgi mai injin jet zalla a kan jirgin ruwa ba.

To ina wahalar take? Jirgin da zai sauka yana da ƙugiya a ƙarƙashin wutsiyarsa, wadda za ta sarƙe ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfen da aka gitta a filin saukar. In matuƙi ya ga saukar ba za ta yi kyau ba, sai ya ƙara wuta ya sake tashi. Injin farfela yana amsawa nan take, kuma iskar da yake turawa bisa fukafukai tana taimakawa wajen ɗaga jirgin. Injin jet na wancan zamani kuwa yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ƙarfinsa ya kawo, iskar farfelar ma babu. Wannan ɗan jinkiri ya isa ya jefa matuƙi cikin teku.

A yaƙin Koriya jiragen farfela ne Ocean ya ɗauka. Abin mamaki, ranar 9 ga Agusta, 1952, jiragensa samfurin Sea Fury suka harbo jirgin jet na MiG-15, wanda ya fi su gudu nesa ba kusa ba.

A watan Nuwamba na 1956, bayan Shugaba Jamal Abdul Nasir na Masar ya mayar da Mashigin Suwez mallakar ƙasa, Ocean da ɗan'uwansa Theseus suka kai ɗaruruwan sojoji birnin Bur Sa'id da jirage masu saukar ungulu. Dabarar ta ci, amma harin bai janyo wa Birtaniya komai ba sai abin kunya, domin matsin lambar Amurka ya tilasta mata janyewa. An farfasa Ocean a 1962.