Daga Garken Shanu Zuwa Zauren Majalisa

Duk mutumin Arewa da ke neman abinci ta hanyar dabbobi a Kudu, ko a mayankar Agege ta Ikko, ko a kasuwar Akinyele ta Badun, ko a Lokpanta ta Jihar Abiya, ya san abin da ya faru a shekarar 2021. A ran 11 ga watan Mayu na wannan shekara gwamnonin Kudu suka taru a Asaba, suka yanke shawarar hana kiwon sake. Kafin shekarar ta ƙare, jihohi kamar Ondo da Ikko sun mai da shawarar doka. Dama Jihar Binuwai ta riga su tun 2017.

Abin lura shi ne, ba a Abuja aka yi waɗannan dokoki ba. A majalisun dokoki na jihohi aka yi su. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. Saboda haka zancen burtali da mashaya da makiyaya, a jiha ake yanke shi. To, a can gida Arewa, inda shanun suke, mutum nawa ne a zauren majalisa suka san wahalar garke?

Wata mai kiwo a Amurka

Akwai wata jiha a tsakiyar Amurka mai suna Nebraska, inda shanu suka ninka mutane wajen sau uku. A can ne wata mata, Deb Fischer, ta tashi daga gandun kiwo ta shiga majalisa. An haife ta a birnin Lincoln a 1951, mahaifinta injiniyan hanyoyi ne. A 1972 ta auri wani mai shanu, ta koma gandunsu kusa da ɗan garin Valentine, cikin gundumar Cherry. Faɗin gundumar ya haura murabba'in kilomita 15,000, amma mutanenta ba su kai 6,000 ba.

Ba ta fara da neman babbar kujera ba. A 1990 aka zaɓe ta cikin hukumar makarantar sakandare ta karkararsu, ta yi shekara 14 tana fama da zancen malamai da kuɗin makaranta. Sai a 2004 ta nemi kujerar mazaɓa ta 43 a majalisar jihar, ta ci da ratar ƙuri'un da ba su kai 200 ba. Majalisar tana da wakilai 49, mazaɓarta kuwa ita ce mafi faɗi duka.

Da ta shiga, sai ta kama abin da ya fi damun mutanen karkara, watau hanya. Mai shanu ya san saniyar da ta daɗe a mota kan mummunar hanya ramewa take yi, kuɗinta ya ragu. Ta shugabanci kwamitin sufuri da sadarwa, a 2011 kuma ta ja gaba aka yi dokar da ta ware wani kaso na harajin ciniki domin gina hanyoyi har tsawon shekara 20. Dokar jihar ba ta yarda wakili ya wuce zaɓe biyu a jere ba, don haka bayan shekara takwas ta sauka. A 2012 ta ci kujerar Majalisar Dattawan Amurka, aka sake zaɓenta a 2018 da 2024.

Ba a rasa masu sukarta ba. A yaƙin zaɓen 2012 abokan hamayya sun yi ta tono cewa iyalinta na kiwo a filin gwamnati da araha, sun kuma tuna mata shari'ar fili da suka yi da maƙwabta. Ashe rigimar ciyawa da iyaka ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Bambancin shi ne, a can mai shanun yana cikin zaure lokacin da ake gardamar.

Yadda abin yake a Gombe

Gombe ƙasar shanu ce tun asali. Bafulatani Buba Yero ne ya kafa masarautar a 1804, aka kuma ƙirƙiro jihar daga Jihar Bauchi ran 1 ga Oktoba 1996. A cikinta ne makiyayar Wawa-Zange take, tsakanin Dukku da Funakaye, mai faɗin fiye da hekta 140,000, ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar nan. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Ana ƙidaya irin waɗannan wurare fiye da 400 a Nijeriya, amma waɗanda aka tabbatar a gazet ba su kai rabi ba. Da yawa gonaki da gidaje sun cinye su.

Majalisar Dokokin Jihar Gombe tana da kujeru 24. Cikin garin Gombe mai gundumomin zaɓe 11, har da Dawaki, yana da kujera biyu. Dukku ma biyu gare ta, haka Funakaye. Ke nan a bisa takarda ba a danne karkara ba. Sai dai mazaunin Dawaki yana da adireshi, rumfar zaɓensa tana bakin ƙofa, ɗan takara kuma ya san inda zai same shi. Makiyayi fa? Zaɓen 'yan majalisar jiha yakan faɗo cikin rani. A 2019 da 2023 duk a watan Maris aka yi shi, daidai lokacin da garke ya yi kudu neman ruwa da ɗanyar ciyawa. Katin zaɓe kuwa ba ya aiki sai a rumfar da aka yi rajistarsa. Wanda ba ya jefa ƙuri'a, ɗan siyasa ba ya jin tsoronsa.

Akwai kuma shingen ilmi. Tsarin mulki ya ce mai neman kujerar majalisar jiha sai ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, jam'iyya kuma ta tsayar da shi. Gyaran da aka yi a 2018 ya rage shekarun takara daga 30 zuwa 25. An kafa hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya tun 1989, watau yaran da suka fara shiga waɗannan makarantu yau sun zama magidanta. Ba za a ce babu masu cancanta ba.

Abin da ya rage

A 2019 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin Ruga, aka yi ca, ta janye shi cikin watan Yuli. A 2024 kuma aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Amma minista ba shi da fili. Kasafin da zai haƙa dam a Wawa-Zange, ya gina asibitin dabbobi, ya shata burtali yadda manomi ba zai yi asarar amfaninsa ba, sai ya bi ta zauren majalisar jiha. Manomi da makiyayi maƙwabta ne, mazaɓarsu ɗaya, wakilin da ya san garke ya kuma san garma shi ne zai iya zama tsakaninsu.

Hanyar da matar nan ta bi ba ta da wani asiri: kwamitin makaranta, sannan majalisa, sannan aiki ɗaya tak da ta riƙe har ya tabbata. A nan ma akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kansila, akwai shugabancin kasuwar shanu. Dillalai da fatake da mahauta da ke zaune a Kudu suna da abin hannu, ana kuma jin maganarsu a gida. Hukumar zaɓe ta yarda mutum ya mai da rajistarsa inda yake da zama, ko ya koma gida ya yi zaɓe. Ɗayan biyun ya kamata kowa ya yi, ya kuma tambayi mai neman ƙuri'arsa abin da ya tanadar wa burtali da mashaya. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana wurin ranar da ake rabon jinka.