Shaiɗanin Tasmaniya Da Sankarar Da Cizo Ke Yaɗawa

Likitoci sun daɗe da tabbatar mana cewa sankara, wadda waɗansu ke kira ciwon daji, ba cuta ba ce da a ke ɗauka kamar ƙyanda ko tarin fuka. A jikin mai ita ta ke tsira, ran da ya mutu kuwa tare a ke binne su. Game da ɗan Adam wannan magana tana nan daram. Amma can kudancin duniya akwai wata dabbar daji wadda sankara ta karya wa wannan ƙa'ida, tana tashi daga fuskar wannan ta koma fuskar wancan, har yawan dabbar ya ragu da kamar kashi biyu cikin uku. Labarinta mu ke so mu kawo wa masu karatu yau.

Dabbar Da Ƙasarta

Tasmaniya tsibiri ne, jiha guda cikin jihohin Ostareliya, kamar mil 150 kudu da babbar ƙasar. Babban birninsa Hobart. Dabbar da mu ke zance girmanta kamar na ƙaramin kare, baƙa ce mai farin zane a ƙirji, da ƙaton kai da muƙamuƙi mai ƙarfin gaske. Namijin ya kan kai kilo 8. Turawan da suka fara zama tsibirin suka riƙa jin kururuwarsa da dare, suka ce wannan sai shaiɗan, sunan kuwa ya bi shi har yau. Mutanen asalin tsibirin purinina su ke ce masa. Aikinsa a dawa irin na kura ne, watau cin mushe, ba ya barin ƙashi ko gashi.

Dangin kangaru ne, masu goyon 'ya'yansu cikin wata jaka a ciki. Macen ta kan yi kwana 21 da ciki, ta haifi 20 ko 30, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Nonuwanta 4 ne kurum, sabo da haka waɗanda suka riga kamawa su ne masu rayuwa. A dawa da wuya su wuce shekara 5. Tun 1830 aka fara biyan lada ga wanda ya kashe su, don an ɗauka su ke ɓarnar tumaki, sai a 1941 doka ta hana. Kafin nan, a 1936, wata 'yar'uwarsu da a ke kira damisar Tasmaniya ta ƙare, ta ƙarshen da aka sani ta mutu a gidan namun daji na Hobart. Tun daga ran nan shaiɗanin ya zama mafi girma cikin masu jaka da ke cin nama.

Bayyanar Cutar

A 1996 wani mai ɗaukar hoto mutumin Holan, Christo Baars, ya ɗauki hoton waɗansu shaiɗanu kusa da Dutsen William a arewa maso gabashin tsibirin, fuskokinsu duk sun kumbura. Tsiro ne ya kan fito a baki ko kumatu ko wuya, ya yi ta girma har ya fashe, ya ture haƙora, wani lokaci ya rufe ido. Dabbar ta kasa cin abinci, yunwa ta kashe ta, ko kuwa tsiron ya bazu cikin jiki. Daga fitowarsa zuwa mutuwa yawanci ba a cika shekara ba.

Cutar ta yi ta cin ƙasa, tana nausawa kudu da yamma. Lissafin da masana suka fitar a 2021 ya nuna akwai kamar 53,000 a 1996, a 2020 kuwa saura kamar 17,000. A waɗansu wurare cikin kowane 100 fiye da 80 suka tafi. A 2008 aka sa dabbar cikin jerin halittun duniya da a ke tsoron ƙarewarsu, waɗansu masana ma suka yi kirdadon za ta shuɗe daga dawa cikin shekara talatin ko kusa da haka.

Yadda Aka Gano Asalinta

Da fari an zargi ƙwayar cuta, an kuma zargi magungunan feshi na gonaki. Domin mu fahimci abin da aka gano, sai mu tuna cewa jikin kowace dabba an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Sankara kuwa ita ce ƙwaya guda ta jikin ta yi tawaye, ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Cikin kowace ƙwaya akwai waɗansu 'yan sanduna masu ɗauke da gadon halitta, na shaiɗanin Tasmaniya guda 14 ne.

Wata ma'aikaciyar Gwamnatin Tasmaniya, Anne-Maree Pearse, ta duba ƙwayoyin tsiron, ta tarar da sanduna 13, a hargitse. Abin mamaki, hargitsin iri ɗaya ne sak a duk dabbobin da ta duba, alhali da kowace ce ta tsiro da tata sankarar, da sun bambanta. A 2006 ita da Kate Swift suka bayyana cewa tsiron ba naman mai ɗauke da shi ba ne, dasa masa aka yi. Mai dashen kuwa cizo ne, gama waɗannan dabbobi sun saba cizon juna a fuska wajen rabon mushe, balle lokacin barbara. Ƙwayoyin sankara masu rai su kan ɓantare daga bakin mai ciwo su shiga raunin mai lafiya, su kama kamar reshen da aka dasa.

Daga baya Elizabeth Murchison, haifaffiyar Tasmaniya, da abokan aikinta suka nuna a 2010 cewa sankarar ta fito ne daga ƙwayoyin da ke lulluɓe jijiyoyin ji. A 2012 suka nuna a jikin wata mace ta fara, binciken da aka yi a Jami'ar Kambirij a 2023 kuma ya kintata farkonta wajen 1986. Watau ita wannan macen ta daɗe da mutuwa, amma naman jikinta yana nan da rai a fuskokin dubban 'yan'uwanta.

To, me ya hana jiki ya kore shi? Mun sani jiki yana da masu tsaro da ke gane baƙon nama ta waɗansu alamu da ke bayan kowace ƙwaya, shi ya sa dashen ƙoda ba ya yiwuwa sai an dace. Shaiɗanun Tasmaniya jininsu ya yi kusa da juna ƙwarai, aka zaci dalilin ke nan. Amma da aka gwada dasa wa wani fatar wani, jiki ya ƙi karɓa. A 2013 Hannah Siddle da abokan aikinta suka gano cewa sankarar ɓoye alamunta ta ke yi, kamar baƙon da ya ja rawani ya rufe tsagar fuskarsa, ya wuce masu gadin ƙofa ba wanda ya tambaye shi daga ina. Ana cikin wannan, a 2014 aka sami wata sankara ta biyu mai yaɗuwa a kudu da Hobart, ita kuwa a jikin namiji ta fara.

Ƙoƙarin Ceto

A 2003 aka kafa shirin ceton dabbar. An gwada kama masu ciwo ana kashewa a yankin Forestier, amma waɗansu ba su shiga tarko, cutar ba ta ragu ba, aka daina. Daga 2005 aka shiga tara masu lafiya a gidajen namun daji don ajiye iri. A 2012 da 2013 aka kai 28 tsibirin Maria inda babu cutar, suka hayayyafa. Sai dai garin neman gira an taɓa ido, domin a 2021 aka ba da labarin cewa ƙananan tsuntsayen teku da a ke kira fengwin, waɗanda dā ma'aurata kamar 3,000 ke sheƙa a tsibirin, babu sauransu. A 2015 masana na Jami'ar Tasmaniya suka yi wa waɗansu allurar rigakafi aka sake su a gandun Narawntapu, cikin 'yan makonni motoci suka take waɗansu daga ciki. Rigakafin bai ba da cikakkiyar kariya ba, aka juya ga neman irin wanda za a sa cikin abinci a watsa a dawa. A 2020 kuma aka saki 26 cikin wani shingaggen daji a Barrington Tops, a babbar ƙasar Ostareliya, inda irinsu ya ɓace kamar shekara 3,000 da suka wuce. A 2021 aka haifi 7 a wurin.

Mafi girman taimako kuwa daga jikin dabbar kanta ya fito. Mata da dā sai sun shekara 2 su ke haihuwa, da yawa suka koma haihuwa a shekara guda, kafin cutar ta cim musu. A 2016 aka nuna gadon halittarsu ya soma sakewa ta wajen tsaron jiki cikin zuriya 4 zuwa 6 kaɗai, an kuma ga waɗansu da tsironsu ya lafa don kansa. Binciken 2020 ya kintata cewa da fari kowane mai ciwo ya kan shafa wa fiye da 3, daga baya ya koma kamar 1. Ko a arewa maso gabas inda abin ya fara, dabbar ba ta ƙare ba. Duk da haka kada mu ce an tsira, gama yawansu kaɗan ne, motoci na kashe ɗaruruwa kowace shekara, inda suka ragu kuma kyanwoyin daji sun yawaita suna cinye ƙananan dabbobi.

Irin wannan sankara ba ta da yawa a duniya. Wadda ta fi daɗewa ita ce ta karnuka, mai fitowa a al'aura tana yaɗuwa wajen barbara, ta yi shekaru dubbai tana yawo, akwai ta kuma a karnukan ƙasarmu. Wanda ya ga irin wannan tsiro a jikin karensa sai ya kai shi wurin likitan dabbobi, don tana jin magani. Ita da ta Tasmaniya duk ba su kama mutum. Sankarar ɗan Adam kuwa ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko gaisawa ko jinya. Sabo da haka muna roƙon jama'a kada su ƙaurace wa ɗan'uwansu mai wannan ciwo. Abin da ya ke bukata shi ne a kai shi asibiti da wuri, a kuma zauna kusa da shi.