Farfaɗo da Tsofaffin Taraktoci a Ƙasar Birnin Gwari

A garuruwan ƙasar Birnin Gwari, manoma ba sa yasar da tsohuwar tarakta ƙirar Massey Ferguson, domin injinta na Perkins mai shan man dizal yana karɓar gyara sau da yawa. Makanikai sukan fara duba famfon da ke tura mai cikin silinda, wato ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki, sannan su sauya zoben fistin idan hayaƙi ya yawaita. Ana samo kayan gyara daga kasuwar Panteka ta Kaduna, kuma mai walda yakan ƙera wa taraktar tirela, ta yadda bayan huɗa da damina, za ta kwaso amfanin gona da kaka.